Tsarabar Karen Kawu

Gotha, 9 ga Maris, 1987

Zuwa ga taubashiyata Gundi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Kawu Ottmar. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwar Eckhard da ke damunsa duk sanda sanyi ya juyo. Mijin nan nawa ya gwammace ya yini yana ɗingishi a shagon kafintarsa da ya je gaban likita. 'Yata Kerstin kuwa cikinta ya shiga wata huɗu, saboda haka ki shirya, na riga ki zama kaka. Kofi da sabulun da kika aiko sun iso, mun gode.

Ga dalilin wasiƙar. Yanzu sun fara barin mutum ya ƙetara iyaka zuwa Yamma, ɓangarenku na ƙasar, idan ɗan'uwansa zai cika shekaru masu yawa, ko da kawu ne. Ran Talata na kai takardata ofis, na nemi kwana goma don in zo bikin cikar Kawu shekara tamanin, ranar 14 ga Satumba. Eckhard zai zauna a gida, ba a barin mata da miji su tafi tare. An ce in koma in jira amsa. Ki aiko mini da takardar gayyata mai hatimi, kuma kada ki yi mini irin jinkirin nan naki.

Shekara ashirin da shida rabona da fuskar Kawu. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu da Inna ta rasu, bai taɓa bambanta ni da ke ba. Ranar da kuka tafi na ce masa sai mun haɗu da kaka, kafin kakar ta zo aka rufe iyaka. Ke dai kin zo sau ɗaya, shi kuwa ya rantse ba zai sake taka nan ba, kin san kuma rantsuwarsa.

Sai maganar abin da zan riƙo. Me zan kai wa mutumin da ke zaune inda komai yake jibge a kanti? Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Sai na tuna kin ce yanzu ba ya kallon kowa sai Bodo, karensa irin dakel. Hoton da kika aiko yana kan kabad: dogon kare, ƙafafu guntaye, sai ka ce an ja shi an manta ba a ƙara masa ƙafa ba, yana kallon mutane kamar shi ne mai gidan. Wanda ya kyautata wa wannan ya gama da Kawu. To ki faɗa mini, wace tsaraba zan kawo wa karen Kawu?

Taki,
Traudel

Fulda, 24 ga Maris, 1987

Traudel tawa,

Na gaishe ki, na gaida Eckhard da Kerstin. Baba lafiyarsa ƙalau, sai numfashin nan da ke yi masa nauyi in ya yi tafiya, amma kunne da baki suna nan daram, musamman bakin. Takardar gayyata tana cikin ambulan ɗin nan. Kin ga ban yi jinkiri ba, sai ki nemi wani abin zargin.

Na karanta wasiƙarki sau biyar. Da na zo kan tambayarki ta ƙarshe sai da na nemi kujera na zauna. Na gane ta, Traudel. Na gane ta sarai, kuma na yi kuka. Na ɗauka ba za ki taɓa yi mini ita ba.

Ga shawarata kan tsarabar Bodo, ki karanta a hankali.

Riga za ki kawo, amma ta hunturu, mai kauri. Na san da kaka za ki zo, sai dai sanyin nan yana daɗewa, kuma zai daɗe yana buƙatarta. In da hali ki kawo biyu.

Kada ki kawo igiya. Mu a nan ba ma ɗaure kowa.

Takardu suna da muhimmanci ƙwarai, ta haihuwa da ta makaranta. Kare mai takarda ya fi saurin samun wuri, an gaya mini haka a inda ya dace. Ki ninke su ƙanana, ba sai sun ci wuri ba.

Kada ki wahalar da kanki da kwandon kwana ko bargo, duk wannan mun ɗauke miki. Mun yanke shawarar gyara masa ɗakin saman bene, wancan mai taga da ke kallon lambu. Rana tana shiga da safe, ba mai damunsa, zai zauna iya son ransa.

Kayan wasa kuma ki zaɓi wanda ya fi so guda ɗaya kawai, wanda zuciya ba za ta iya bari ba. Sauran a hankali za a samu.

Baba ya ce in gaishe ki. Rabon da in ga ya ci abinci kamar na jiya har na manta.

Taubashiyarki,
Gundi

Gotha, 8 ga Afrilu, 1987

Gundi,

Na gaishe ku. Muna lafiya. Takardar gayyata ta iso, na kai ofis, an karɓa, ba a ce komai ba.

Amma ke, lafiyarki kuwa? Na karanta wa Eckhard wasiƙarki, ya ce ko dai kin fara shan giyar Kawu. Ta ina zan samo takardar haihuwar kare da aka haifa a garinku? Kuma wace makaranta Bodo ya yi, har da ni ce ke riƙe da shaidarsa? Igiya dama ban yi niyya ba, tamu ta nan ba ta kai taku kyau ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin bene. Haba Gundi! Ke da kika tashi gida ɗaya da dakel uku? Kin manta Hexe, yadda ta sauko daga matakalar gidanmu ta da, bayanta ya tafi, ta koma jan gindi har Kawu ya kai ta inda ya kai ta, ya dawo ya yi kwana uku bai yi magana ba? Dakel da matakala ba sa haɗuwa. In kika kai karen nan sama, ke za ki kashe shi, ki haɗa da mai shi. Ban yarda Kawu ya amince da wannan ba.

Rigar dai na karɓi shawara, zan saƙa da hannuna. Ki samu awon tela ki auna mini shi: daga wuya zuwa gindin wutsiya, kewayen ƙirji, kewayen wuya, da tazarar ƙafafun gaba. Ki auna yana tsaye, ba yana kwance ba. Kuma ki daina kuka a kan kare.

Traudel

Fulda, 19 ga Mayu, 1987

Traudel,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai dai jira. Tun wasiƙarki ta Maris ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Kullum Baba ne ke fita duba akwatin wasiƙu, shi da Bodo, su dawo hannu wofi.

Ban yi fushi ba. Na san mai shirin tsaraba irin wannan ba ya yawan magana, kuma haka ya fi. Ina so kawai ki san komai yana tafiya daidai a nan.

In zuciyarki tana rawa, ki tuna halin Bodo. Gwanin haƙa ne, babu shingen da ya taɓa tsayar da shi. In ya ga ba hanya ta sama, sai ya bi ta ƙasa. In ya sa kansa waje kuma, ko an kira shi ba ya waiwayowa. Wanda ya bari a baya yakan yi kewarsa, amma daga baya a san yadda za a yi a haɗu.

Ko kati ne ki aiko, ki ce rigar tana tafiya, zan gane.

Gundi

Gotha, 11 ga Yuni, 1987
(ta hannun Inna Liesbeth)

Gundula (yau ba zan ce miki Gundi ba),

Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba. Maƙwabciyata Inna Liesbeth 'yar fansho ce, su ana barinsu su ƙetara, za ta wurin ƙanwarta kusa da ku. Ta naɗe takardar a tsakiyar dunƙulen zaren saƙarta. Ta sa wuyanta a igiya saboda ni, don haka ki karanta ki ƙona. Lafiyar jiki muna da ita, ta rai ce babu.

Ran Litinin aka kira ni ofis. Na sa rigata mai kyau, ina tsammanin izini ya fito. Aka wuce da ni wani ɗaki can ciki, wurin wani mutum mai furfura, mai ladabi har ya yi yawa. A gabansa ga kwafin wasiƙunki biyu, an ja layi da jan biro kusan ko'ina. Kusa da su ga tawa ta Afrilu, ita kanta, ba kwafi ba. Ashe ba ta taɓa barin garin nan ba.

Ya ce, "Malama Hellmich, wane ne Bodo?"

Na ce, "Kare ne, yallaɓai."

"Kare mai takardar makaranta."

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai, yallaɓai."

"Kare mai bi ta ƙarƙashin shinge, wanda ba ya waiwayowa. A ina yake haƙan nasa? Sunan mahaifinsa fa?"

Na ce wallahi kare ne, hotonsa yana kan kabad ɗina, a je a ɗauko. Ya yi murmushi, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Ni ma ina da dakel, Malama. Shekararta tara. Gida mai kyau aka ba ni a hawa na uku, na mayar, na karɓi na ƙasa mai danshi saboda bayanta. Matata har yau ba ta yafe mini ba. Takardu da igiya da shinge, duk zan iya cewa shirmen mata ne. Amma 'yar gidan masu dakel ba za ta kai shi bene ba, ko a mafarki. To wa ake gyara wa ɗakin sama, mai taga da ke kallon lambu?"

A nan na gane abin da kike ta faɗa mini tun Maris. Ni ce karen. Ni aka ce kada in kawo igiya, ni zan zaɓi abin wasa guda ɗaya. Wanne? Eckhard ko Kerstin?

Ya ɗaga wasiƙata ya ce ita kaɗai ta sa nake zaune a kujera ba a wani wuri ba, don ta nuna ko dai ba ni da laifi, ko kuma na fi ki wayo nesa ba kusa ba. Ya ce bai yanke hukunci ba tukuna. Aka sallame ni bayan awa huɗu. Washegari aka kira Eckhard.

Wa ya ce miki zan gudu? Yaushe na faɗa? Ina da miji, ina da 'ya da tsohon ciki. Kwana goma na roƙa in ga Kawu kafin ya mutu, kwana goma kacal, ke kuma kin zauna can cikin kwanciyar hankali kina wasan 'yan leƙen asiri da rayuwata. Kin san ana karanta wasiƙunmu, kin sani!

In da sauran abin da za a ceto, ga shi. Ki rubuto ta gidan waya, maganar kare zalla. Ki aiko awonsa da hotonsa da awon tela a jikinsa. Ki janye maganar bene. Kada ki gane komai, kada ki yi kuka, kada ki ja layi a ƙarƙashin ko kalma ɗaya.

Edeltraud (yau ba Traudel ɗinki ba ce)

Fulda, 20 ga Yuni, 1987
(ta hannun Inna Liesbeth)

Traudel, 'yar'uwata,

Inna Liesbeth ta iso lafiya, tana zaune a kicin tana jirana, don haka da sauri nake rubutu. Na karanta, na ƙona. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba.

Amma ki ji ni. Ba daga sama na ƙirƙiro ba. Shekarar da na zo muku, 1974, ranar da muka shiga daji neman naman kaza, laimar kwaɗin nan da ake ci, don mu yi magana inda babu bango, kin tuna? Muka zauna a kan gungume, kika yi kuka, kika ce akwai ranakun da kike jin kamar an ɗora miki katifa a fuska. Na ce, "Duk ranar da kika yanke shawarar fitowa, ki rubuto ki tambaye ni wace tsaraba za ki kawo wa karen Baba. Ba mai hankalin da zai yi wannan tambayar, zan gane." Kika yi dariya kika ce, "To, na ji." Muka tafa.

Shekara goma sha uku ina buɗe kowace wasiƙarki in fara duba ƙarshenta. Sai ga ta a watan Maris, kalma da kalma, ba ragi ba ƙari. Me kike so in ɗauka? Amsarki kuma ba ta zo ba, na ce shirun ma amsa ne.

Maganar bene kuwa, ke da mutumin nan kun yi gaskiya. Hankalina yana kanki, na manta da karen gaba ɗaya. Bodo bai taɓa taka matakala ba, Baba ya kafa ƙyaure a gindinta tun yana ɗan kwikwiyo.

Akwai abin da ya fi wannan muni, dole in faɗa miki. Na gaya wa Baba. Tun ranar da wasiƙarki ta zo na ce masa kina zuwa, kuma ba za ki koma ba. Tun daga nan kullum da safe sai ya hau benen nan, mataki ɗaya ya tsaya ya huta, mataki ɗaya ya tsaya, da gwangwanin fenti a hannu. Na ce a kira mai fenti, ya ce, "Ke, ɗakin 'yata ne, ba otal ba." Bodo yana zaune a gindin ƙyaure yana yi masa haushi har ya sauko. Likita ya hana shi, ko a jikinsa.

Jiya na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, ya riga ni, ya ce wane irin labule kike so. Na ce zan tambaya. Traudel, na kasa.

Zan yi duk abin da kika ce. Gobe zan auna karen.

Gundi

Fulda, 22 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Traudel,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Muna lafiya.

Ga awon Bodo, yana tsaye. Daga wuya zuwa gindin wutsiya santimita arba'in da huɗu. Ƙirji arba'in da ɗaya. Wuya ashirin da tara. Tsakanin ƙafafun gaba bakwai. Ya cije awon sau biyu, ya cije ni sau ɗaya. Ga hotuna uku, a na ukun yana cikin kwandonsa a kicin, kusa da murhu, inda yake kwana tun da aka kawo shi.

Maganar ɗakin bene shirme na yi, Baba ya yi mini faɗa sosai. Maganar takardu kuma, wata maƙwabciya ce ta ruɗa ni da zancen gasar karnuka. Bodo ba ya shiga gasa, ko zauna aka ce masa ba ya yi. Ramin da ya haƙa na ƙarƙashin shingen lambun maƙwabta ne, an toshe da dutse.

Riga ɗaya ta isa. Ki bar wuri a ciki don kada ya jiƙa ta.

Gundi

Gotha, 18 ga Agusta, 1987

Gundi,

Na gaishe ku. Kerstin ta sauka ran Asabar, mace, ita da jaririyar suna lafiya.

Amsa ta fito. Ba a ba ni izini ba. Ba a faɗi dalili ba, an ce ba dole ne a faɗa ba. Wanda ya gaya mini ya ce ya ga hotunan, kare ne mai kyau, amma ya yi ƙiba, a rage masa abinci saboda bayansa. Ki isar wa Kawu, ina ganin shawara ce mai kyau.

Rigar ta ƙare. Yau na kai ƙunshin gidan waya, ina fatan zai iso kafin ranar. Ulu mai kauri ya yi wuyar samu, sai na yi amfani da wanda nake da shi a gida. Kin san al'ada, kada a buɗe kafin ranar ta zo, kuma ba zan yi masa barka tun yanzu ba, don kada in jawo masa wani abin. Na jawo isasshe.

Ki faɗa masa, Gundi. Kada ki bari ya je tashar jirgi.

Traudel

Fulda, 16 ga Satumba, 1987

Traudel,

Barka da samun jika, Allah ya raya. Baba yana kwance tun jiya, likita ya ce gajiya ce, ya ce a bar shi ya huta.

Na faɗa masa ranar da wasiƙarki ta zo. Ya ɗauki Bodo suka fita lambu, suka daɗe. Da ya dawo ya ce saura bango ɗaya, ba a barin aiki rabi. Ya ƙarasa a kwana huɗu.

Ƙunshin ya iso mako guda kafin bikin. Ganin yadda Baba yake, na ce mu buɗe ko zai ji sanyi a ransa. Ya daka mini tsawa, ya ce, "Kina so ki kashe ni kafin in kai? Ajiye shi can!" Ya ɗora shi kan kabad, kullum sai ya goge masa ƙura.

Ranar bikin mutum goma sha ɗaya suka zo, shi kuwa ya sa aka jera kujera goma sha biyu, ba wanda ya yi tambaya. Bayan an ci kek ya buɗe. Rigar ta iso da bakinta a warware, zare yana reto, ina jin a hanya ta maƙale da wani abu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya kai ta hancinsa. Ya ce, "Wannan ai suwaitata ce, koriyar, ta zuwa daji. A bayan ƙofa na bar ta." Na ce Baba koren ulu ai yana da yawa a duniya. Ya nuna mini wani wuri da zaren ya yi duhu, ya ce nan ne tabar lofensa ta ƙona, shekarar da kika yi aure.

Da gaske ne, Traudel? Shekara ashirin da shida kina ajiye da ita, kika warware saboda kare?

Ya sa aka kawo allura, a gaban baƙi ya ɗinke bakin da kansa, ya ƙi a taya shi. Ya sa wa Bodo, ta zauna masa cif. Karen ya yi tsaye ƙiƙam ya ƙi motsi, kowa ya yi dariya, har da Baba. Daga nan ya ce a yi masa uzuri, ya shiga ɗaki da karen ya rufe ƙofa.

Ya ce in rubuta miki cewa saƙarki ta fi ta da, amma har yanzu kina matse wuya.

Gundi

Gotha, 27 ga Oktoba, 1987
(ta hannun Inna Liesbeth)

Gundi,

Gaisuwa. Na ji Kawu ya fara tashi zaune, na gode wa Allah. Jikata tana ƙiba, Eckhard ya yi mata gadon katako. Inna Liesbeth ta ce wannan ce tafiyarta ta ƙarshe, ƙafafunta sun gaji, saboda haka abin da ban faɗa yau ba ya zauna ke nan.

Na zage ki a watan Yuni, kika karɓa, kika ba ni haƙuri. Wata huɗu ina ɗauke da haƙurin nan naki, ya yi mini nauyi.

Na tuna gungumen, Gundi. Lokacin da nake rubuta tambayar ban tuna ba, wannan gaskiya ne, kare kawai nake nufi. Amma da na zo manne ambulan, sai maganar ta faɗo mini gaba ɗaya, har da kwandon naman kazan da muka manta a dajin. Ina da wata takardar, ina da biro, minti biyar ya isa in sake rubutawa. Na tsaya a gaban akwatin wasiƙu har wata mata ta ce ko ba ni da lafiya. Sannan na jefa.

Ba guduwa zan yi ba, ki yarda da ni. Da an bar ni, ranar ta goma zan hau jirgi in dawo wurin mijina da 'yata. Amma na so in ji ko har yanzu akwai wanda ke jiran tambayar. Na so a gyara mini ɗaki a wani wuri, ko da ba zan kwana a ciki ba. Da amsarki ta zo na yi kamar ban gane ba, har na ruɗi kaina, har na iya kallon mutumin ofis ɗin nan ido cikin ido. Ni na hana kaina ganin Kawu, ba ke ba. An ce kada in sake nema nan kusa, shi kuma tamanin ta wuce.

In kin ga zai iya ɗauka, ki faɗa masa bai yi fentin a banza ba, an tambaya da gaske. In ba zai iya ba, ki bar shi da rigar.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini wane launi ya shafa wa ɗakin, da irin labulen da kuka sa, da abin da ake gani ta tagar da safe. Ta gidan waya za ki aiko, ki ce ɗakin Bodo ne. Sai dai wannan karon, don Allah, ki ce a ƙasa yake.

Taki,
Traudel